Na'urar busar da abinci a gida: abin da ya kamata a duba kafin a saya

  

Ƴan'uwa, tambayoyi sun yawaita gare mu, musamman daga iyaye mata, game da na'urar nan ta lantarki da ake busar da nama da ganye da ƴaƴan itace a cikinta. Wasu sun gan ta a shagon kayan wuta, wasu ƴaƴansu da ke ƙasashen waje ne suka ce za su aiko musu. Mafi yawan tambayoyin biyu ne: shin tana da amfani a ƙasa mai rana irin tamu, kuma idan za a saya wace iri za a ɗauka? Mun ga ya dace mu yi bayani a wuri guda, domin kuɗin da ake zubawa a kanta ba kaɗan ba ne, kuma abin da ake sawa a cikinta ciki zai shiga.

Na'urar ba ta da wani sirri. Akwati ce mai faranti-faranti masu raga a jere, da ƙarfen da ke ɗaukar zafi idan an kunna wuta, da fanka mai kaɗa iska. Zafin yana fitar da ruwan da ke cikin abinci, iskar tana kwashe shi ta fitar waje. Abin da ke ruɓar da abinci ƙwayoyin cuta ne da funfuna, su kuwa ba sa hayayyafa sai da laima. Tumatir kusan kashi 94 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, tsokar nama kuwa wajen kashi 70 zuwa 75. Idan aka raba su da mafi yawan ruwan nan sai su daɗe ba su lalace ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka, gabu, tattasan Diffa da ake shanyawa a bakin Komadugu, kilishi da banda, duka shanya ce. Larabawa ma suna da busasshen namansu da suke kira ƙadid, kuma da yawa daga malaman lugga sun bayyana cewa kwanaki ukun da ke bin ranar Layya an kira su kwanakin tashriƙ ne saboda a cikinsu ake yanyanka naman hadaya a shanya shi a rana. To me na'ura ta zo da shi wanda tabarma da rufin ɗaki ba su yi ba?

Abu uku ne, a ganinmu. Tana rufe abinci daga ƙura da ƙuda da kaji da awaki. Tana aiki da damina, lokacin da iska ke cike da laima har yanka tumatir ya yi funfuna kafin ya bushe. Sannan tana riƙe zafi a ma'auni guda daga farko har ƙarshe, abin da rana ba ta yi, domin tana faɗuwa, dare ya kawo raɓa. Wanda ba ya bukatar ɗaya daga cikin ukun nan, to kuɗinsa su zauna a aljihu. Mai son kauɗar miyar shekara a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da tumatirin lambu ya cika kasuwa kuma iskar hunturu ta bushe ƙarau, ba abin da zai kai shi ga lantarki. Ƙaramar na'ura mai faranti biyar ba ta wuce ɗaukar kilo 2 ko 3 na yankakken tumatir, ta yi yini tana aiki, a ƙarshe a kwashe abin da bai fi giram 200 ba. Tabarma mai tsabta a bisa tebur, da gidan sauro a rufe ta, sun fi wannan riba nesa ba kusa ba.

Inda na'urar ke biyan kuɗinta shi ne nama, da mangwaro da sauran ƴaƴan itace masu zaƙi waɗanda ƙuda ke bi, da ganyen da rana ke ƙonawa kamar zogale, da kuma mai ƙaramar sana'a da ke son kayanta su fito da launi guda da tsabta a kowane wata na shekara.

Idan an yanke shawarar saye, abu na farko da za a nema, tun kafin a tambayi kuɗi, shi ne makunnin daidaita zafi. Akwai masu araha waɗanda ba su da komai sai kunnawa da kashewa. A bar su a shago. Dalili kuwa shi ne kowane abinci da zafin da ya dace da shi. Ganye irin su zogale da na'ana'a da yakuwa suna son zafi kaɗan, tsakanin digiri 35 zuwa 45, in ya wuce haka sai su yi baƙi ƙamshinsu ya tafi. Kayan miya irin su kuɓewa da albasa da tattasai wajen digiri 50 zuwa 55. Ƴaƴan itace wajen 55 zuwa 60. Nama kuwa yana bukatar na'urar da ke kaiwa digiri 70. Wani zai ce ai sai a murɗa zafin har ƙarshe a gama da wuri. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin zafi mai yawa yana ƙeƙasar da bayan yanka ya zama kamar fata, ya kulle ruwan da ke ciki. Mutum ya taɓa ya ji a bushe, ya zuba a kwalba, bayan mako biyu ya tarar da funfuna.

A kula da lambobin da ke jikin makunnin. Na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna amfani da ma'aunin Farenhait, mu kuwa da Salsiyos muka saba. Idan aka ga 160 a jiki, digiri 71 ke nan a namu lissafin, 135 kuwa 57 ne, 95 kuma 35. Haka nan ba kowace na'ura ce ke cika alkawarin da aka rubuta mata ba. Ƙaramin ma'aunin zafi na kicin, a ajiye shi a kan farantin tsakiya a bar na'urar ta yi rabin awa babu komai a ciki, zai faɗi gaskiyarta. Mai saye ya nemi a yi wannan gwaji a shago idan zai yiwu.

Bari mu tsaya a kan nama, don nan ne lafiya ta fi shiga. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa cikin sauri a jikin ɗanyen nama. Na'urar da ba ta wuce 55 ba za ta riƙe naman awanni a cikin wannan yanayi, da ɗumi da laima, wato ta zama musu ɗakin reno. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da shawarar a fara dafa ko gasa naman har cikinsa ya kai digiri 71, na kaji 74, sannan a sa a na'ura, saboda ƙwayoyin da suka bushe tare da nama sun fi jure zafi fiye da lokacin da naman ke da danshi. Masu kilishinmu sun daɗe da gane cewa shanya kaɗai ba ta isa. Suna feɗe tsoka siriri kamar takarda, su shanya, su tsoma a labu mai gishiri da yaji, su sake shanyawa, sannan su gasa a kan garwashi. Wanda ya sayi na'ura kada ya jefar da wannan gashin. Kuma a cire kitse sarai kafin a shanya, domin kitse ba ya bushewa, tsufa yake yi ya ɓata warin naman da ɗanɗanonsa.

Abu na biyu shi ne inda aka sa fanka. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kama da jerin kwanon sha, faranti bisa faranti, fankarta a ƙasa ko a murfi. Ita ce mai araha, ba ta cin wuri, wasu ma ana iya ƙara musu faranti. Aibinta shi ne farantin da ke kusa da zafi yana riga sauran bushewa, sai an riƙa sauya musu wuri bayan awa biyu ko uku, kuma idan fankar a ƙasa take, ruwan nama da na mangwaro na ɗiga a kanta. Akwai kuma mai siffar akwati da ƙofa a gaba, fankarta a baya, iska na ratsa dukan farantan lokaci guda, ana zaro su kamar aljihun tebur. Ta fi tsada, ta fi nauyi, amma bushewarta ɗaya ce sama da ƙasa, kuma warin albasar wannan faranti ba ya cika hawa mangwaron wancan. Mai busar da ganye jefi-jefi ta farkon ta ishe shi. Mai nama ko mai sana'a ya daure ya sayi ta biyun. Wadda ba ta da fanka sam, sai zafi kawai daga ƙasa, ba mu ba kowa shawararta ba.

Sai batun wuta, wanda a ƙasashenmu shi ne ke yanke hukunci. Lantarkin Nijar da maƙwabtanta bolt 220 ne ko kusa da haka, na Amurka da Kanada 120. Na'urar da aka aiko daga can, idan aka cusa ta kai tsaye a bango, nan take za ta ƙone. Dole sai da tiransifoma mai ƙarfin da ya zarce nata, kuma wani lokaci kuɗinsa ya kusa na na'urar. Wanda ɗansa ke Amurka ya gaya masa ya duba takardar da ke manne a bayanta. Ta Turai ba ta da wannan matsala.

A takardar nan ne kuma aka rubuta yawan wutar da take ci. Na gida suna farawa daga wat 250 har zuwa wajen 1000. Lissafin mai sauƙi ne: mai wat 500 idan ta yi awa 8 tana aiki, iyakar abin da za ta ci kilowat 4 ne, daidai da kunna ƙwan fitila 40 masu wat 10 na tsawon awa 10. A aikace takan ci ƙasa da haka, domin ƙarfen zafin yana kashe kansa idan an kai ma'aunin da aka sa, ya sake kamawa in ya sauka. Kowa ya ɗauki takardar kuɗin wutarsa ya ninka, ya ga ko abin da zai busar ya kai wannan kuɗi. Masu farantin hasken rana su ma su yi hattara. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 abin da yake ɗauka bai wuce kilowat 2.4 ba, kuma irin na dalma rabin wannan kawai ake so a ja daga jikinsa. Na'urar za ta tsotse shi tun kafin tsakar dare. Idan da sola za a yi, a fara da hantsi a gama kafin la'asar sakaliya.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar damuwa. Kowa ya tuna halin da aka shiga a 2023 lokacin da aka yanke layin da ke kawo lantarki daga Najeriya, kuma ko ba wannan ba, bazara ba ta wucewa sai an sha ɗaukewa. Ganye ko kuɓewa idan wuta ta tafi ana iya fitar da farantan a ajiye inda iska ke kaɗawa, ba a yi asara ba. Ɗanyen naman da ya yi awa biyu a na'ura sannan wuta ta tafi, aka bar shi a rufe cikin ɗumi har yamma, wannan ba a ci gaba da busar da shi kamar ba abin da ya faru. In an farga da wuri a kwashe a soya ko a gasa. In ya daɗe har ya sauya wari, a zubar. Saboda haka mun fi son mai makunnin murɗawa da hannu a kan mai madannai da allon lambobi: ta farkon da wuta ta dawo za ta ci gaba da aiki, da yawa daga na biyun kuwa sai an zo an sake saita su, ga kuma saurin lalacewa idan wuta ta yi ta hawa da sauka. Agogon da ke kashe na'urar idan lokaci ya cika yana da daɗi ga mai barin ta da dare, amma rashinsa ba ya hana saye.

Faranti na ƙarfe marar tsatsa ya fi na roba ƙarko da sauƙin wanki. Na roba ba laifi idan an rubuta cewa na abinci ne, sai dai yana tsagewa da tsufa, don haka a tambayi mai shago ko ana samun na canji. A duba ko akwai raga mai ƙananan ido, domin kuɓewa da ganye suna ƙanƙancewa su zube ta manyan ramuka. Fankar tana ƙara, kuma warin albasa ko barkono yana cika gida, a tanadar mata wuri mai iska nesa da ɗakin kwana.

Wasu sun tambaya game da ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a Turai, ganin cewa mai yiwuwa an busar da naman alade a ciki. Ba a gina hukunci a kan zato, amma ko da an tabbatar, wanki yana tsarkake ta. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa sahabi Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kwanonin ma'abota littafi, aka umarce shi da ya nemi wasu in akwai, in babu ya wanke waɗannan ya ci a ciki. A cire farantan a wanke da sabulu har maiƙo ya fita, a ɗauraye da ruwa mai tsarki, a goge cikin akwatin ba tare da ruwa ya taɓa wajen wuta ba. Farantin robar da ya tsattsage har maiƙo ya shige cikinsa, canza shi ya fi.

Wanda wutar unguwarsu ba abin dogaro ba ce, ko yake ƙauye, akwai mabusar rana, kuma ga yawancin gidajenmu ita muka fi karkata gare ta. Akwati ce ta katako ko ƙarfe mai farantan raga, a gabanta an jingina wani dogon akwati marar zurfi wanda aka shafa wa baƙin fenti aka rufe da gilashi ko farar leda mai kauri. Iska na shiga ta ƙasa, ta yi zafi a kan baƙin, ta hau ta ratsa abincin, ta fita ta bututu a sama. Rana ba ta taɓa abincin kai tsaye, shi ya sa zogale ke fitowa kore shar, kuma ƙuda ba su da hanya idan an sa raga a kafofin. Kafinta ko mai walda zai iya haɗa ta idan aka zana masa. Rauninta damina da dare. Masu sana'ar da ta girma kuwa su dubi abin da ake yi a Burkina Faso, inda busar da mangwaro ya zama babbar sana'a kuma an daɗe ana amfani da mabusa mai aiki da gas da ake kira Atesta.

Yawancin masu tambayarmu naman Layya ne a ransu, kuma suna da dalili. Daga 2018 zuwa 2022 sallar ta yi ta faɗowa a Agusta da Yuli, tsakiyar damina, nama ya yi ta wahalar ajiya. Yanzu tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara zuwa bazara, lokacin da firigo ke narkewa saboda rashin wuta. Ajiye naman halal ne. An hana ajiye shi fiye da kwana uku a wata shekara saboda mabukatan da suka kwararo Madina daga ƙauye, daga baya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana dalilin ya kuma yi izinin a ci, a ajiye, a yi sadaka, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Sai dai dalilin hanin nan abin lura ne. A shekarar da maƙwabta ba su yanka ba, bai kyautu na'ura ta haɗiye rabonsu ba. A fitar da na sadaka da na kyauta tun naman yana ɗanye, abin da ya rage na gida shi ake busarwa. Kuma wanda ya yi Layya ba ya sayar da komai daga dabbarsa, don haka mai sana'ar kilishi ta ware na Layyar gidanta daga na kasuwa.

A san kuma cewa ƙaramar na'ura ba za ta ɗauke rago guda ba. Kilo ɗaya ko biyu take ɗauka a zubi guda, kowane zubi awa 6 zuwa 10. Gashin da aka saba yi a Nijar, a tsire rago a kan itace a kewaya wuta da shi yini guda, washegari a soya, shi zai ci gaba da ɗaukar mafi yawan naman. Na'urar ta cinya ce da sauran tsoka marar kitse.

Bayan an kashe na'ura aiki bai ƙare ba. A bar abin ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba tururi zai koma ruwa a cikin mazubi. Kayan miya su riƙa karyewa ƙas. Mangwaro ya lanƙwasu kamar fata amma kada ruwa ya fito idan an matsa. Nama ya tsage idan an lanƙwasa shi ba tare da ya rabu biyu ba. Ƴaƴan itace a zuba su a kwalbar gilashi, kada a cika ta, a riƙa girgizawa kullum har mako guda, in an ga gumi a jikin kwalbar a mayar da su na'ura. A ajiye a wuri mai duhu da sanyi, a rubuta ranar da aka yi. Busasshen naman gida kada ya wuce wata ɗaya zuwa biyu in ba a firigo yake ba. Abin da ya yi funfuna, musamman gyaɗa da masara da barkono, ba a kankare shi a ci. Wasu nau'o'in funfuna suna barin gubar da ake kira afalatokzin, wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita.

Mai sayarwa kuma kada ta cire kaya da saura danshi don su yi nauyi a sikeli, ko ta sa busasshe a sama mai laima a ƙasa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kira wannan algus. Mafita ga mai sana'a ita ce ta auna kayanta kafin su shiga na'ura da bayan sun fito, ta san nauyin da kowane iri ke komawa idan ya bushe da gaske, ta sa kuɗinta a kan wannan.

Gidan da ba zai yi amfani da na'urar ba sai sau biyu ko uku a shekara, bai kamata ya ci bashi a kanta ba. Mata huɗu ko biyar na unguwa guda, ko ƴan adashi ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi babba mai fanka a baya, a ajiye ta a gidan da wutarsa ta fi tsayawa, a yi jerin kwanaki, kowace ta biya kuɗin wutar zubinta kuma ta wanke farantan kafin ta miƙa wa ta gaba. A rubuta wannan yarjejeniya tun ranar saye, har da wanda zai ɗauki kuɗin gyara idan ta lalace.